Turanci Ɗaya, Fahimta Daban-daban: Hattara da Muhawarar Intanet

Masu magana da Turancin Ingilishi a duniya sun kai kimanin biliyan 1.5, amma waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa, wato harshen da yaro ke fara ji a gida, ba su kai miliyan 400 ba. Ke nan mafi yawan masu musayar ra'ayi da Turanci a Facebook da X da WhatsApp koyon sa suka yi, kuma kowa ya zo da salon maganar al'ummarsa, abin da kan haifar da cacar baki tsakanin mutanen da ba su da wani saɓani na gaske.

Tushen matsalar shi ne rubutu ba ya ɗauke da murya ko yanayin fuska, waɗanda da su ake bambance wasa da gaske. Wannan ne ya sa a 1982 Scott Fahlman, masanin kwamfuta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ya ba da shawarar a riƙa sa alamar murmushi a saƙon da aka yi don raha. Gatse, wato faɗin akasin abin da ake nufi, ya yi yawa a bakin Turawan Ingila, haka ma rage wa magana kaifi, ta yadda idan ɗayansu ya rubuta "not bad" sau da yawa yabo yake yi, alhali wanda ya koyi harshen a aji zai ɗauka an raina aikinsa. Shi kuwa Ba'amurke yakan faɗa kan batu kai tsaye ba tare da doguwar gaisuwa ba, abin da Bahaushe, wanda ya saba tambayar lafiya da iyali kafin ya kawo buƙata, zai iya ɗauka girman kai ne.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. Ɗan Nijeriya kan rubuta "sorry" ga wanda ya yi tuntuɓe ko ya yi asara, yana nufin "sannu", amma Bature yakan yi mamakin abin da ya sa yake ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Haka nan "I am coming", wanda ya yi daidai da "ina zuwa" na mai fita ya dawo, Bature zai fahimce shi a matsayin alkawarin isowa nan take. Irin wannan Turanci ba gurɓatacce ba ne, domin a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "okada" da "Kannywood".

Illar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba, har zargi takan jawo. A Afrilun 2024 Paul Graham, fitaccen mai zuba jari a harkar fasaha, ya rubuta a X cewa kalmar "delve" alama ce ta rubutun ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, sai 'yan Nijeriya da dama suka yi masa ca, suna cewa kalma ce da suka saba da ita tun a makaranta. Kafin nan, a 2023, masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano cewa manhajojin da ke tantance rubutun ƙirƙirarriyar basira sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen jarrabawa na waɗanda Turanci ba harshensu na uwa ba ne a matsayin aikin na'ura.

Saboda haka, ya kamata mai shiga muhawara ya rubuta gajerun jimloli bayyanannu, ya guji gatse da karin maganar da baƙo ba zai gane ba, ya kuma rubuta sunan wata a kwanan wata, tunda 3/4 na nufin 4 ga Maris a Amurka amma 3 ga Afrilu a Ingila. Idan saƙo ya yi masa zafi, ya nemi bayani kafin ya mayar da martani, domin matambayi ba ya ɓata. Kada kuma mai koyon Turanci ya yi shiru don tsoron kuskure, domin shi da ire-irensa ne mafi rinjaye a cikin masu amfani da harshen.