SANDUNAN AZURFA MASU ZANEN NAMUN DAJI: ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE YA SANI

A ƙasar Amurka da waɗansu ƙasashen Turai akwai wata hanyar ajiyar dukiya wadda mutanenmu masu tafiye-tafiye suka fara cin karo da ita. Ana narka azurfa tsantsa, a daddale ta kamar ɗan ƙaramin allo, a buga mata hoton zaki, ko giwa, ko gaggafa, ko ɓaunar Amurka, sa'an nan a sa ta kasuwa. Ƙaramar sanda tsawonta wajen santimita 5 ne, faɗinta bai cika santimita 3 ba, kaurinta kuwa kamar na kwabo biyu in an haɗa. Akwai manya masu nauyinta sau biyar, sau goma, har masu kilo guda. Abin yana da kyaun gani ƙwarai, kuma kyaun nan shi ne ke sa mai saye ya manta da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya fid da kuɗinsa.

Tambaya ta farko ita ce: wa ya ƙera ta? Mafi yawan waɗannan sanduna ba gwamnati ke buga su ba. Kamfanoni ne masu zaman kansu. Gwamnatoci su ma suna buga tsabar azurfa ta ajiya: Amurka ta fara tata mai gaggafa a 1986, Kanada ta fara mai ganyen itace a 1988, Sin tana da tata, Ostiraliya tana da tata. Irin wannan tana ɗauke da sunan ƙasa da ƙimar kuɗi, hukuma ce ta lamunci nauyinta da ingancinta, wanda ya yi jabunta kuma ya yi jabun kuɗin ƙasa. Sandar kamfani ba ta da wannan gata. Ba kuɗi ba ce, banki ba ya karɓarta a madadin kuɗi, kuma babu mai tsaya mata sai sunan wanda ya buga ta.

Yadda abin ya samo asali

Dalilin da ya sa wannan sana'a ta yi ƙarfi a Amurka yana cikin tarihin kuɗinsu. Tun 1933 doka ta hana mutanen ƙasar tara zinariya, ba a ɗage hanin ba sai ranar 31 ga Disamba 1974. A cikin wannan tsakani, a 1965, gwamnati ta cire azurfa daga ƙananan tsabar kuɗinta, a 1968 kuma ta daina musanya takardun kuɗi da azurfa. Ga tsadar rayuwa tana hawa. Wanda ke son ya riƙe wani abu mai nauyi a hannunsa, wanda darajarsa ba ta rataya ga takarda ba, bai da wata hanya sai azurfa. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe. Wani mai suna Franklin Mint, wanda aka kafa a 1964 a jihar Pensilbaniya, ya shahara wajen fitar da su jeri-jeri, mutum ya yi rajista, kowane wata a aiko masa da guda. A farkon shekarun 1970 ƙananan kamfanoni barkatai suka shigo, kowa da nasa zane: jiragen ƙasa, motoci, shugabanni, bukukuwa, da namun daji, waɗanda su ne ba su taɓa fita yayi ba.

Hoton ɓaunar nan da ake yawan gani ma aro ne. An ɗauko shi daga wani tsohon kwabon Amurka da aka yi amfani da shi daga 1913 zuwa 1938. Tun da zanen ba mallakar wani kamfani ba ne, kowa na bugawa, mai gaskiya da macuci. Saboda haka hoton ɓauna ba shaidar komi ba ne.

Sa'an nan sai aka shiga shekarar da masu wannan harka ba su mantawa. Waɗansu attajirai ƴan'uwan juna na jihar Tekzas, Nelson Bunker Hunt da William Herbert Hunt, suka dinga sayen azurfa ba ƙaƙƙautawa don su riƙe kasuwa. A farkon 1979 oza guda tana wajen dala 6 (dalar Amurka muke nufi, ba tamu dala ta tamma biyar ba). A watan Janairu na 1980 ta kusa dala 50. Mutane suka yi ta jerin gwano a ƙofar masu saye, suna kai cokula da tasoshin gado da sandunan nan masu zane, aka narke da yawa daga cikinsu. Ba wanda ya tsaya duban zaki ko gaggafa, sikeli kaɗai aka duba. Ranar 27 ga Maris 1980 farashin ya faɗo ƙasa da dala 11. Wanda ya saya a watan Janairun nan sai da ya jira shekara 31, wato har 2011, kafin ya sake ganin farashi kusa da wanda ya biya. Bayan nan ya sake gangarowa zuwa wajen dala 14 a ƙarshen 2015, kuma sai a 2025 ya haye dala 50. Duk mai ce muku azurfa ba ta faɗuwa, bai karanta wannan tarihi ba.

Abin da ke sa farashinta rawa haka shi ne ba ado da ajiya kaɗai ake yi da ita ba. Fiye da rabin azurfar da duniya ke sha kowace shekara masana'antu ne ke cinye ta, wajen ƙera faifan hasken rana da kayan lantarki, domin babu ƙarfen da ya kai ta ɗaukar wuta. Mafi yawanta kuma ba don ita ake haƙa rami ba, tana fitowa ne tare da dalma, da tutiya, da jan ƙarfe, da zinariya. Ƙasar Meziko ce kan gaba wajen fid da ita.

Awo da kuɗin ƙira

Ga sandar kirki abu uku ake rubutawa: nauyi, da inganci, da sunan kamfani ko tambarinsa. Nauyin da oza ake faɗinsa, amma a lura, ozar azurfa da zinariya garam 31,1 ce, ta kayan abinci kuwa garam 28,35. Akwai masu wayon da ke sayar da ƙaramar da kuɗin babbar. Inganci kuwa lamba ce: 999 na nufin cikin kashi dubu, kashi ɗaya kaɗai ne ba azurfa ba. In an ga 925, to an gauraya ta da jan ƙarfe, kuma yawancin sandunan Franklin Mint na da irin wannan ne. Don mai karatu ya kwatanta da abin da ya sani: liyarin nan da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, wanda maƙeran Agadas da Damagaram suka daɗe suna narkawa su yi zobe da mundaye, mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Otirishi da shekarar 1780, nauyinsa garam 28 ne da ƴan ɗigo, ingancinsa 833.

A nan ne maganar take. Wanda ya taɓa kai wa maƙeri aiki ya san kuɗi biyu ake biya, na ƙarfe da na ƙira, kuma ranar da za a sayar, na ƙarfen kaɗai ke dawowa. Haka abin yake ga sandar azurfa. Akwai farashin kasuwar duniya, wanda ake yankewa a London kowace ranar aiki, akwai kuma abin da mai sayarwa ke ɗorawa a kai. Gwargwadon ƙanƙantar sanda da yawan adonta, gwargwadon nauyin wannan ƙari. Sanda goma masu oza ɗai-ɗai sun fi guda mai oza goma tsada, ko da yake azurfarsu ɗaya ce. Wadda aka shafa wa launi, aka sa ta cikin akwati da takardar shaida, aka ce guda kaza kaɗai aka buga, ƙarinta yakan kai kuɗin azurfar kanta ko ya wuce.

Bari mu yi lissafi, misali ne kawai. A ce azurfar da ke cikin sanda ta jika 20 ce. Mai saye ya biya jika 24 saboda zane. Washegari bukata ta taso, ya koma, dillali ya ce jika 19 zai saya, domin shi ma da ribarsa. An yi hasarar jika 5 ke nan ba tare da kasuwa ta motsa ba. Kafin mutumin nan ya mai da uwar kuɗinsa, sai farashin duniya ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba mu sa kuɗin aikowa ba, ba mu sa na duwan ba. A Faransa ma, inda aka yafe wa zinariyar ajiya harajin saye, sandar azurfa tana biyan 20 cikin 100.

Gaskiya ne akwai tsofaffin sanduna da masu sha'awar tarawa ke biya da tsada, kamar na kamfanin Engelhard da ya daina bugawa tun shekarun 1980, ko waɗanda suka tsira daga narkawar 1980. Amma wannan kasuwa ce ta masu ido, ƴan kaɗan, kuma lokaci ne ya mai da kayan abin nema. Kamfanin da ya ce sabuwar giwarsa za ta yi daraja nan gaba don kaɗan ya buga, shi ne kuma gobe zai fito da damisa, jibi ya fito da barewa. A ganinmu, wanda zane ya burge shi ya saya don sha'awa, ya san ado ya saya. Wanda ajiya yake nufi ya nemi mafi arhar ƙira daga sanannen gida.

Jabu

Sanannen gida shi ne wanda ƙungiyar masu cinikin zinariya da azurfa ta London ta sa cikin jerin matatun da ta yarda da su, kamar PAMP na ƙasar Suwis, wanda shi ma yana buga sanduna masu dabbobin kalandar mutanen Sin. Amma fa sunan da ya fi tsada shi aka fi yi wa jabu. Ana cika kasuwannin intanet da sandunan jan ƙarfe ko tagulla da aka yi wa wankan azurfa, da tambari da lamba 999 da komi. Akwai kuma abin da ake kira azurfar Jamus, wadda babu ko ƙwayar azurfa cikinta, gamin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel. Alama ta farko ita ce arha: ba mai hankalin da zai sayar da azurfa ƙasa da farashin duniya, tun da ko'ina ya kai ta za a saya.

Gwajin maganaɗisu yana da amfani kaɗan. Azurfa ba ta manne masa, in ta manne ƙarya ce. Sai dai jan ƙarfe ma ba ya mannewa. Gwajin da ya fi shi ne na sikeli da ruwa, kuma duk malamin makaranta zai iya yin sa. A auna sandar, a ga garam 31,1. Sa'an nan a ɗora kofin ruwa bisa sikeli, a mai da shi sifiri, a ɗaure sandar da zare a nutsar da ita ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba. Azurfar gaskiya za ta nuna garam 3 saura kaɗan. Jan ƙarfe mai wannan nauyi zai nuna kusan 3 da rabi, domin ya fi ta cin wuri, shi ya sa ma sandar jabu takan fi ta gaskiya kauri. Maƙera suna da nasu gwajin, su ɗan goga gefe da magagari su ɗiga ruwan gwaji, amma wannan yana ɓata zanen. Baƙin da azurfa ke yi in ta daɗe cikin iska ba aibi ba ne, ba ya rage nauyi. Gogewa da toka ko yashi ita ce ke kankare ta.

Haɗari na biyu ba daga ƙarfen yake ba, daga alkawari yake. A 2016 wani babban kamfani na jihar Washinton, Northwest Territorial Mint, ya karye. Ashe ya daɗe yana karɓar kuɗin mutane da alkawarin aiko da kaya bayan makonni, yana biyan na jiya da kuɗin na yau. Waɗansu ma sun bar masa azurfarsu ajiya, da aka buɗe rumbu ba ta cika ba. Mutane sun yi hasarar fiye da dala miliyan 25, kuma a 2022 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin shekara 11. Cinikin azurfa hannu da hannu ya fi, da rasit mai ɗauke da nauyi da inganci da ranar saye.

Ga ɗan ƙasarmu da aka yi wa tallar irin wannan kaya a Yamai ko Maraɗi, ko wanda ɗan'uwa zai sayo masa daga waje, sai ya tambayi kansa wa zai sayar wa in ranar ta zo. Mai sayen da ya fi kusa da shi maƙeri ne. Maƙeri kuwa bisa sikeli zai ɗora ta ya biya garam-garam, ya jefa ta wuta, har ma ya ƙara mata jan ƙarfe, domin azurfa mai 999 ta cika laushi ga zobe ko abin wuya. Kuɗin zanen da aka biya a Amurka ba zai shiga lissafinsa ba.

Saura maganar zakka, tun da azurfa na cikin dukiyar da ake fid da ita. Nisabinta dirhami 200 ne, wanda malamai da yawa suka ƙaddara da garam 595, wato oza 19 da ɗan ɗori. Wanda ya tara sanda 20 masu oza ɗai-ɗai, garam 622 ke nan, ya cika nisabi. In shekara ta zagayo suna hannunsa, ɗaya cikin arba'in zai fitar, rabin sanda guda ko ƙimarta a farashin ranar.