Dalilin da ya sa ake gwada yara masu ciwon sukari don gano cutar siliyak

Yaron da aka gano yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda sai da allurar insulin yake rayuwa, likitoci sukan nemi a ɗebi jininsa don neman cutar siliyak. Dukansu biyu garkuwar jiki ce ke juya wa jiki baya. A ciwon sukari tana lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. A siliyak kuwa, da zarar yaro ya ci gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, sai ta far wa bangon ƙaramin hanji. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da siliyak, amma a cikin waɗannan yara adadin ya ninka haka sau da dama.

Abin da ya sa ba a jira alamu shi ne, yara da yawa ba sa nuna komai. Wasu kan yi gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini ko rashin girma, wasu kuma sukarinsu ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili. Shi ya sa ake gwajin jinin tTG-IgA tun farko, a maimaita bayan shekara biyu da kuma biyar. A 2023 Italiya ta kafa dokar gwada yara kan cututtukan biyu.

Gero, dawa, masara da shinkafa ba su da gulutin. Burodi, taliya da alkaki suna da shi. Iyaye, kada ku hana yaro alkama kafin gwaji, domin hakan kan ɓoye cutar.