Yadda Lissafi Ya Daɗe Bai Samu Mazauni A Intanet Ba

A cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva aka ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, domin masana su riƙa musayar sakamakon bincikensu. Sai dai harshen da masanan suka fi amfani da shi, wato lissafi, ya shafe shekaru bai samu mazauni a shafukan ba.

Dalili kuwa, rubutun yau da kullum layi ɗaya yake bi, shi kuwa lissafi hawa-hawa ne: lamba bisa lamba da layi a tsakani, ƙaramar lamba a kafaɗar babba, ga haruffan Girkanci. Masu ɗab'i sun samu sauƙi tun 1978, lokacin da Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya fito da manhajar TeX, amma don takarda ya tsara ta.

Saboda haka masu shafuka suka koma liƙa lissafi a matsayin hoto. Dabarar tana da illa. Idan aka ƙara girman hoton a waya sai ya dusashe, ba a iya kwafe shi, injin bincike ba ya gane shi. Uwa uba, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kan tsallake shi.

A 1998 hukumar W3C ta fitar da MathML, ƙa'idar rubuta lissafi a shafi, amma manhajojin buɗe shafuka suka yi ta jan ƙafa. MathJax, wadda ta fito a 2010 da goyon bayan Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka, ita ta cike giɓin. Sai a Janairun 2023 Chrome ta rungumi ƙa'idar, a Disambar shekarar kuma rumbun maƙalu na arXiv ya soma fitar da sababbin maƙalu a matsayin shafuka.

Batun ya shafi duk ma'aikacin da ke ɗora rahoto a shafin ma'aikatarsa, ko na hauhawar farashi ne ko na ƙa'idar lissafin fansho. Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, kuma makahon ma'aikaci yana da haƙƙin sanin yadda aka lissafa kuɗinsa. Kayan aikin kyauta ne. Abin da ya rage shi ne mai shirya rahoto ya miƙa lissafin a rubuce, ya daina ɗaukar hotonsa.