Akwatin Matan Kagadama

A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta tura wata 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes, yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar don ta yi aiki da matan karkara. Ta tarar da mata masu sana'a a hannu, masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kiwon awaki, amma babu jari. Banki ba ya kallon wadda ba ta da abin jingina. Adashe kuwa sun gaje shi tun kaka da kakanni, sai dai yana da giɓi: sai layinki ya zo kike kwasa, zazzaɓin yaro kuma ba ya jiran ranar kwasa.

Wadda ta shiga matsi a tsakani, me za ta yi? Ta sayar da akuyarta a wulaƙance, ko ta lallaɓa gidan maƙwabciya bayan isha'i, ta yi ta kewaye-kewaye, kunya ta hana ta faɗin abin da ya kawo ta. Da yawa sukan zaɓi su haɗiye damuwarsu don kada a ji kansu a gari.

Daga zaman da Eknes ta yi da matan ƙauyuka irin su Kagadama aka fito da wani tsari, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ko sisi ba a kawo musu daga waje ba. Mata kamar ashirin zuwa talatin sukan haɗu duk mako a kan tabarma, kowacce ta ajiye zubinta a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi. Kuɗin ya shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin kuma ya kwana a ɗakin ta huɗu. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, lissafin a ka yake: kowacce tana riƙe da bashin ta kusa da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tsarin ya sauya neman taimako. Mace ta buɗe baki a tsakiyar taro ta ce, "Ina son rance, zan sari gyaɗa," ba ta sunkuyar da kai ba, domin da guminta a cikin akwatin. Akwai kuma ɗan asusu na daban don rashin lafiya, gobara ko rasuwa. Nan ne mata suka saba da faɗin "yau ba mu ɗora tukunya ba" tun kafin abu ya ɓaci. Ƙarin da ake biya kan rance ya jawo magana saboda tsoron riba, har wasu ƙungiyoyi a ƙasashen Musulmi suka sauya hanya, kuma ina ganin tambayar da aka yi ta dace.

Daga baya ƙungiyoyin suka haɗa kai ƙauye da ƙauye, wasu suka kafa rumbunan hatsi don lokacin da abinci ke yankewa kafin kaka. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 wasu daga cikin matan suka tsaya takara, suka zama kansiloli. Tsarin ya tsallaka zuwa Mali, Zimbabuwe, Yuganda da Zanzibar, yau miliyoyin mutane ke binsa.

Daga nan Bacirawa a ƙaramar hukumar Ungogo zuwa Maraɗi hanya ce miƙaƙƙiya ta Katsina da Jibiya, harshe ɗaya, kunya iri ɗaya. Matanmu ba sa bukatar a koya musu zubi, uwar adashe tana nan a kowace unguwa. Abin da nake so su ɗauko shi ne zaman nan na mako-mako ido da ido, da ƙaramin asusun da mace za ta nema a gaban 'yan'uwanta ranar da naƙuda ta zo wa 'yarta da gardama.