Allurar Kare da Ciwon Zuciya na Gado

A Jalingo, kamar sauran garuruwan Taraba, ana ajiye kare don gadi da farauta, masu hali kuma kan sayi na waje irin su Alsatian da Rottweiler. Wanda ya zuba kuɗi a kan kare ba ya wasa da lafiyarsa, kuma da wayarsa a hannu yana iya cin karo da wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masu kiwon karnuka a Turai da Amurka: wai allurar rigakafi ce ke tayar wa kare da ciwon zuciya. Maganar ba ta da tushe, yarda da ita kuwa a ƙasar da haukan kare ke kashe mutane babban haɗari ne.

Ciwon zuciya na gado jini yake bi, shi ya sa kowane irin kare da nasa. Ƙaramin karen nan na Ingila, Cavalier King Charles, murfin da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciyarsa kan lalace tun bai tsufa ba. Doberman kuwa naman zuciyarsa ne ke saki ya buɗe, har ya kasa tura jini. Dalili shi ne masu kiwo sun yi ta haɗa dangi da dangi don kada kamanni su canja, aibin da ke jikin iyaye ya taru a kan 'ya'ya. Allura iri ɗaya ake yi wa Doberman da karen mafarauci. Da ita ce sanadi, da an ga ciwon ya bazu kan kowa, bai tsaya ga zuriya kaza ba. To me ke sa mai kare ya zargi allura? Ana fara yi wa kwikwiyo ita yana da mako shida zuwa takwas, ta haukan kare kuma a wata uku. Sau da yawa ranar allurar ce karon farko da likitan dabbobi ke ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ya ji wata ƙara shuu tana bin bugun zuciya. Da ita aka haife shi, ranar allura ce kawai aka ji ta.

Masu zargin suna da abin da suke kafa hujja da shi, bai kuma kamata a yi watsi da shi ba. A ƙarshen shekarun 1990 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka sun ga cewa wasu 'yan karnuka da aka yi wa allura sun samar da sojojin garkuwa masu iya kama sinadaran jikinsu. Sai dai karnukan ba su kwanta ciwo ba, balle ciwon zuciya. Gaskiya ne kuma allura kan zo da illa: kumburin fuska, amai, kasala, jefi-jefi har da suma. Wani bincike da aka buga a 2005 kan karnuka sama da miliyan 1.2 ya sami irin wannan a kusan 38 cikin kowane 10,000, cikin kwana uku da yin allurar, ƙananan karnuka sun fi samu. Wannan ya isa ya sa a duba kare kafin a tsira masa allura, wanda ke tari da dare ko haki ba gudu a jinkirta har likita ya gane damuwarsa. Amma tarihi ya nuna inda ɓarnar zuciya ta fi fitowa. Da cutar parvo ta ɓulla a 1978, kwikwiyoyi sun yi ta faɗuwa matattu saboda ƙwayar cutar ta ci naman zuciyarsu. Abin da ya sa wannan ya yi wuyar gani yau shi ne rigakafin da ake yi wa karya, ta shayar da 'ya'yanta kariya a nonon farko.

A Jalingo nauyin ya wuce lafiyar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda ke wasa da kwikwiyo ya yakushe su su ɓoye wa iyaye. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa, rigakafin kuwa ana haɗa shi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a Filato, wadda aka kafa a 1924. Abin da ya cancanci damuwa shi ne ko kwalbar ta iso da sanyinta bayan doguwar tafiya cikin zafin kwarin Binuwai, da kuma ko mai riƙe da sirinjin ƙwararre ne. Mai tsoron ciwon gado kuwa, wurin mai sayar da kwikwiyo zai kai tambayarsa: a nuna masa uwar da uban, a faɗa masa ko 'yan'uwa ne, da shekarun da kakannin suka yi kafin su mutu.