Buɗe Kan Injin Babur da Kanka: Abin da Masu Babura a Boɗinga da Shagari Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal zai ga yadda rayuwar yankin ta rataya a kan babur. Da shi ɗan kabu-kabu ke neman abincin gida, manomi ke kai albasa kasuwa, da shi kuma ake garzayawa da mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada. Wannan ya sa matasa da dama ke kunna bidiyo a waya su ɗauki sifana su buɗe injin da kansu.

Aikin yana yiwuwa. Sai dai waɗanda suka yi asara a cikinsa, galibi abubuwa uku ne suka kayar da su: rashin gano ainihin matsalar, ƙura, da kuskuren taimin.

Mene ne saman inji?

A babur irin Bajaj Boxer mai silinda ɗaya, saman inji ya ƙunshi kan inji, inda bawul biyu suke (na shigar mai da na fitar hayaƙi), sai bulo, da fistan da ringinsa, da gasket. Ana iya sauke waɗannan ba tare da an raba injin gida biyu ba. Ƙasan inji, inda kiranshaf da giya suke, wani aiki ne daban mai buƙatar kayan aiki na musamman.

Injinan kuma ba iri ɗaya ba ne. Boxer yana amfani da sarƙar taimin wajen buɗe bawul. Honda CG125, wanda ya fito a 1975, da baburan China masu yawa da suka kwaikwayi injinsa, sanduna biyu ne ke tura musu bawul. Tsohon Jincheng mai cin mai gauraye ba shi da bawul sam, kuma hayaƙi ɗabi'arsa ce. Don haka bidiyon wani babur ba lallai ya dace da na wani ba.

A gano ciwon kafin a taɓa noti

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida: ba a canza layi sai an san inda kuskuren yake. Haka ma inji. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wanke kabireta da filtar iska kan magance shi ba tare da an buɗe komai ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar ƙona baƙin mai ce. Idan da safe kawai yake fita sannan ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul. Idan yana ƙaruwa duk lokacin da aka murɗa totur, babur na shan baƙin mai, kiki kuma ya yi laushi a ƙafa, to ringi ko bulo ne suka cinye.

Akwai gwaji mai sauƙi. A cire filogi, a auna matsin silinda da ma'auni, sannan a ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin filogin a sake aunawa. Idan matsin ya ƙaru sosai, ringi ne. Idan bai motsa ba, a duba bawul ko gasket. Wani lokaci ma saitin bawul ne kawai ya matse, aikin da bai wuce minti ashirin ba.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba

Bidiyon Boxer da dama daga Indiya suke, ƙasar da kamfanin Bajaj yake, wasu kuma an ɗauke su a shaguna masu daɓen siminti. A Boɗinga ko Shagari kuwa, musamman lokacin hunturu, inji a buɗe a gindin bishiya na awa biyu ya isa ya kwashi yashi. Ƙwayar yashi da ta haɗu da baƙin mai tana cin bangon silinda kamar sanfefa. Ita ce ma ke cinye ringin tun farko, idan soson filta ya yage ko an cire shi da sunan ƙara wa babur gudu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi yana ƙara wahala.

Saboda haka a wanke injin tas kafin a kwance shi. A yi aikin cikin zaure ko shago, a shimfiɗa buhu mai tsafta, kowane ƙarfe da aka cire a sa shi a roba a rufe. Da zarar an zare bulo, a toshe bakin ƙasan injin da tsumma. Ƙaramin kilif ɗin da ke riƙe fin ɗin fistan idan ya faɗa ciki, ƙaramin aiki ya koma babba.

Inda wayar hannu ke da amfani

Ya kamata a sauke bidiyon tun a inda sabis ke da ƙarfi, domin manhajar YouTube tana ba da damar ajiye wasu bidiyoyi a kalla ba tare da data ba, ana kuma iya rage saurinsu zuwa rabi. A nemi littafin gyara na ainihin samfurin babur ɗin a intanet, saboda alƙaluman awo suna cikinsa. Mafi muhimmanci, a ɗauki hoto kafin da bayan cire kowane abu. Bayan kwana biyu babu wanda zai tuna wace wasa ce ke ƙarƙashin wane noti, amma hotunan suna nan a jere bisa lokaci.

Wuraren da aka fi yin kuskure

Na farko, taimin. Kafin a cire sarƙa, a juya injin har alamar T da ke jikin maganeto ta daidaita da alamar jikin inji, bawul biyu kuma suna rufe. Haka za a mayar. Idan sarƙar ta goce da haƙori ɗaya, babur zai rasa ƙarfi; idan ta goce da yawa, fistan zai iya dukan bawul ya lanƙwasa shi a bugun kiki na farko. Shi ya sa ake juya injin da hannu sau biyu a hankali kafin a tayar.

Na biyu, ringi. Gefen da ke da rubutu yana kallon sama, kuma ba a jera bakunansu a layi ɗaya, ana rarraba su kewaye da fistan. Shi ma fistan yana da alamar da ke nuna gefen da zai fuskanta. A sa sabon kilif da sabon gasket, a shafa baƙin mai kafin a zura.

Na uku, ɗauri. Notocin kan inji ana ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe ba. Aluminiyam ba ya jure ƙarfin tsiya, zaren kusa yana cinyewa. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri ta fi, ko da aro ce. Saitin bawul kuma ana yin sa ne inji yana da sanyi. A ƙananan injina tazarar takan kasance tsakanin milimita 0.05 da 0.10, amma littafin babur ɗin ne mai magana ta ƙarshe.

Inda za a tsaya

Idan farce yana maƙalewa a zanen da ke bangon silinda, sabon ringi ba zai yi komai ba. Sai an kai bulon wurin masu borin a faɗaɗa shi, a sayo fistan mai girman da ya dace, yawanci ƙarin 0.25 ko 0.50. Idan kuma kwanrod yana motsi sama da ƙasa a hannu, ciwon ya sauka ƙasan inji, aikin bakanike ne. Wajen sayen kaya a tafi da tsohon fistan a kwatanta, a kuma yi hattara da jabu, domin ringi mai arha kan jawo sake buɗe inji bayan 'yan watanni.

Bayan an haɗa, kilomita ɗaruruwan farko na lallaɓawa ne: ban da goyon mutum uku, ban da buhunan hatsi, a kuma canza baƙin mai da wuri. Wannan ne ya fi yi wa ɗan kabu-kabu wuya, tunda kowace rana akwai balas ko cefane a wuyansa. Wanda babur ɗinsa ne kaɗai hanyar abincinsa, kuma bai taɓa buɗe inji ba, zai fi masa alheri ya yi aikin farko a gaban bakaniken da ya yarda da shi, ya biya shi kuɗin dubawa, ya ɗauki hotunan kowane mataki. Karo na biyu sai ya yi da kansa.