Kaluluwar da Ba Ta Ciwo, da Sikanin da Ke Duba Jinin Cikinta

Kusan kowa ya taɓa yin kaluluwa a wuya, hammata ko matsematsi. Galibi alama ce cewa jiki yana yaƙi da wata cuta, kamar ciwon haƙori ko miki a ƙafa. Irin wannan takan yi zafi idan an taɓa, ta sace cikin mako biyu ko uku.

Wadda ya kamata ku sa wa ido ita ce mai tauri, marar ciwo, wadda ba ta motsi ƙarƙashin yatsa, ta kai wata guda tana girma, musamman idan ga rama da zazzaɓi da gumin dare. Tana iya zama tarin fuka, tana iya zama ciwon daji, kuma lalube da hannu ba ya raba su.

Sikanin da kuka sani, irin na masu juna biyu, yana nuna girman kaluluwa da siffarta. Akwai wani da ya fi shi gani: ana zuba ruwan allura kaɗan a jijiyar hannu, mai ɗauke da ƙananan kumfa na iska, likita ya kalli yadda jini ke shiga kaluluwar. A wadda ba ta da haɗari, jinin yakan fara daga tsakiya ya bazu ko'ina daidai. A wadda daji ya kama, sau da yawa yakan shigo daga gefe, ya bar wurare baƙi inda nama ya mutu. Ruwan ba ya taɓa ƙoda, iskar kuma tana fita ta numfashi cikin mintuna.

Amma hoton ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Kaluluwar tarin fuka ma takan nuna baƙin wuraren, wani dajin kuma yakan yi kama da lafiyayyiya. Babban amfaninsa shi ne nuna wa likita inda zai sa allura ya ɗebo nama mai rai don gwaji.

Ba kowane asibiti ke da shi ba. Mutanen Dungu da masu kai kaya kasuwar Aboabo, ku fara da asibitin kusa da ku, da katin NHIS a hannu, a tura ku Asibitin Koyarwa na Tamale idan ya kama. Kada ku bari a yi mata sakiya ko tsaga, domin miki yana ɓata gwaji. Yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ke kumbura da sauri, a kai shi a makon nan, ba sai an dawo daga fatauci ba.